Canjin ringi, borin, silib ko injin na hannu: wanne ya dace da injin da ke shan mai?

Inji ya fara shan mai, shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, ƙarfi ya ragu a hawa, in an cire murfin zuba mai sai huci ya riƙa bugowa. Daga nan shawara kan rabu huɗu. Wani ya ce a canja ringi (zoben da ke kewaye da fistan) kawai a rufe, wani ya ce sai an yi borin (a yanke ramin silinda a faɗaɗa shi) an sa fistan masu girma, wani ya kawo zancen silib (bututun ƙarfe da ake sawa ya zama bangon silinda), wani kuma ya ce a daina wahala a nemo injin na hannu a ɗora. Kowace daga cikin huɗun tana da injin da ta dace da shi, kuma awon silinda ne ke nuna wacce ce taka. Awon nan da ma'auni ake yin sa. Ido da farce ba sa ganin milimita 0.05, alhali a nan ne hukuncin yake.

Kafin a kwance noti ɗaya

A fara tabbatar da cewa ciwon a ƙasan inji yake. Sil ɗin bawul da ya bushe, bawul ɗin fitar da hucin cikin inji da ya toshe, da turbo mai yoyon mai, duk suna sa hayaƙi ba tare da laifin ringi ba. Hayaƙin da ke fita lokacin tayar da inji da safe sannan ya ɗauke ya fi kama da na sil ɗin bawul. Wanda ke ƙaruwa in an taka totur da kaya ya fi kama da na ringi.

Gwajin matsi shi ne mataki na farko. Inji ya yi ɗumi, a cire dukkan fulogi, a buɗe totur gaba ɗaya, a auna kowace silinda. In wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, a zuba mata mai kamar ƙaramin cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. Matsi ya tashi sosai, ringi ne ko silinda. Bai motsa ba, a duba bawul ko gaskit. Wannan dabarar ta zuba mai ta injin fetur ce, kada a yi ta a injin dizal. Gwaji na biyu shi ne hura iska cikin silinda fistan na sama, a saurari inda take fita: ta murfin mai ringi ne, ta salansa ko ta hanyar shigar iska bawul ne, kumfa a lagireto kuwa gaskit ne ko tsagewa.

Akwai tarko ɗaya. Ringin mai, wato na ƙasa, yana iya maƙalewa da gawayi a raminsa, inji ya yi ta shan mai, amma gwajin matsi ya fito lafiya ƙalau, domin ringi biyun sama ne ke riƙe matsi. Irin wannan injin sau da yawa silindarsa ba ta ci ba.

Abubuwan da za a auna kowane zaɓi da su

Biyar ne: yanayin silinda, kuɗi, ƙarko, sauƙin aiki, da haɗarin a sake buɗe inji. A wajen kuɗi a tuna cewa ladan kwance inji da haɗa shi, da gaskit, da mai, da filta, kusan ɗaya ne a zaɓi ukun farko. Bambancin yana cikin kayan da za a saya da aikin masu borin. Saboda haka zaɓi mai arha da aka yi a inda bai dace ba yana sa a biya babban kason kuɗin sau biyu.

Yanayin silinda ne ke gaba da sauran huɗun, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Silinda ba ta ci daidai daga sama zuwa ƙasa. Ta fi ci a sama, inda ringin farko ke juyawa, domin a nan zafi da matsi suka fi yawa, mai kuma ya fi ƙaranci. Ƙasanta kusan ba ya taɓuwa. Haka kuma ta fi ci ta gefen da fistan ke jingina lokacin bugu, sai da'irarta ta koma kamar ƙwai. Don haka ana aunawa a wuri shida: sama, wato kaɗan ƙasa da gaɓar da cin ringi ya bari a bakin silinda, tsakiya, da ƙasa, kowanne sau biyu, a layin karanshaf da kuma a gicciye. Bambancin sama da ƙasa shi ne zurfin cin. Bambancin layi biyun shi ne karkacewar da'ira. Littafin kamfanin da ya ƙera injin ne ke ba da iyaka. A injina da yawa iyakar tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, wasu na zamani ma ba su yarda a kai haka ba.

Fistan kuma ana auna shi da maikuromita a siket ɗinsa (ɓangarensa na ƙasa), a gicciyen fin (ƙarfen da ya ratsa fistan yake riƙe shi), a tsayin da littafi ya ce, domin kansa da gangan aka yi shi ƙarami don ya samu wurin buɗewa in ya yi zafi. A cire awon fistan daga na silinda, abin da ya rage shi ne tazara. Ga fistan na zubi irin na yawancin ƙananan motoci, tana kaiwa kamar milimita 0.02 zuwa 0.05. Sai a duba ramin ringi: a sa sabon ringi a ciki a zura fila geji (siraran fallayen ƙarfe na awon tazara) a gefensa. Milimita 0.03 zuwa 0.08 lafiya ne a yawancin injina. In ya wuce iyakar littafi, fistan ya gama aiki ko da jikinsa na sheƙi, domin ringi zai riƙa rawa sama da ƙasa yana tura mai sama kamar famfo.

Abu na ƙarshe shi ne irin bulok, wato gangar jikin inji da silinda ke ciki. Na ƙarfen zubi, da na alminiyom mai silib ɗin ƙarfe a ciki, ana iya yi musu borin, ko da yake na biyun namansa ba shi da kauri. Amma akwai bulok na alminiyom da fistan ke gudu a kan shafe, kamar Nikasil da kamfanin Mahle ya fito da shi a 1967, ko a kan alminiyom mai yawan silikon kamar Alusil. Waɗannan borin na yau da kullum yana lalata su.

Zaɓi na farko: sabon ringi da honin

Tsofaffin fistan suna nan, silinda na nan da girmanta, ringi da metal (fallayen da karanshaf ke juyawa a cikinsu) kaɗai ake canjawa, a goge silinda da dutsen honin. Shi ne mafi arha, kuma a wasu motoci ana iya yin sa ba tare da an sauke bulok ba: a cire top silinda da kaskon mai, a turo fistan ta sama.

Sharaɗinsa mai tsauri ne. Cin silinda da karkacewarta su kasance cikin iyaka, babu karcen da farce ke kamawa, ramukan ringi lafiya. In an cika waɗannan, aikin yana ƙarko sosai, musamman a injin da ringin mai ne kawai ya maƙale. A nan a tabbatar an buɗe ƙananan hudojin da ke bayan ringin mai, waɗanda mai ke komawa ƙasa ta cikinsu. In an bar su a toshe, sabon ringi zai bi hanyar tsohon.

Kurakuran wannan aikin sanannu ne. Na farko shi ne barin gaɓar da ke saman silinda. Tsohon ringi ya ci ya yi daidai da ita, sabo kuwa bakinsa da kaifi, sai ya riƙa dukanta a kowane hawa har ya karye ko ya fasa naman fistan da ke ƙarƙashinsa. Ana yanke gaɓar kafin a fito da fistan, a kula kada a ci ƙasa da ita. Na biyu shi ne tsallake honin. Tsohuwar silinda ta yi santsi kamar madubi, ba ta riƙe mai, sabon ringi ba zai zauna a kanta ba. Honin yana barin zane mai gicciye, kusurwarsa kamar digiri 45, kuma ringi mai shafen moli yana son dutse mai laushi fiye da na ƙarfen zubi ko na kurom. Na uku, wanda ya fi kashe aiki, shi ne wanki. Fetur ba ya ɗauke ƙurar dutsen honin daga cikin zanen. Ruwan zafi da sabulu da burushi ake sa wa, a yi ta wankewa har farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito fes, sannan a shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Ƙurar da aka bari tana cinye sabon ringi da metal tun a kwanakin farko.

Bakin ringi ma sai an auna. A sa ringi a silinda, a tura shi da kan fistan don ya zauna daidai, a kai shi ƙasa inda silinda ba ta ci ba, a auna tazarar bakinsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kamar milimita 0.10 ga kowace milimita 25 ta faɗin silinda, wato silinda mai faɗin milimita 80 tana son kusan 0.30. In an auna a sama inda ta buɗe, sai a zaci tazara ta isa, alhali a ƙasa bakin zai haɗe in ringi ya yi zafi, ya karce silinda ko ya karye.

Haɗarin wannan zaɓin yana wajen wanda ya yi shi a silindar da ta wuce iyaka. Ringi zai riƙa buɗewa da tsukewa a kowane hawa da sauka, hayaƙi ya ɗauke na 'yan watanni sannan ya dawo. Honin ba ya miƙe silindar da ta karkace, musamman honin mai ƙwallaye, wanda bin siffar da ya tarar kawai yake yi.

Zaɓi na biyu: borin da fistan masu girma

A nan ana sauke bulok tsirara a kai wa masu injin borin, su yanke silinda ta koma da'ira sosai, miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa, a sa sababbin fistan da ringi na sabon girman. Matakan da aka saba su ne milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, amma ba kowane inji ke da su duka ba. Wasu na zamani suna tsayawa a 0.50, wasu kuma babu fistan mai girma da aka yi musu sam. A bincika samuwar fistan kafin a yanke.

Tsarin aikin yana da muhimmanci. Mai borin ya auna silindar da ta fi lalacewa, ya faɗi matakin da zai share ta, a sayo fistan, a miƙa masa su a hannu, sannan ya yanke. Yana barin kamar milimita 0.05 zuwa 0.08 wanda zai ƙarasa da honin, yana daidaita kowace silinda da fistan ɗinta. Wanda ya yanke ba tare da ganin fistan ba, ƙiyasi ya yi. In tazara ta yi kaɗan, fistan zai kama in ya yi zafi, domin alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. In ta yi yawa, sai ƙwanƙwasa da safe da shan mai. Dukkan silinda ake kai wa mataki ɗaya, ba guda ɗaya ba, kuma a ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da zai share lalacewar, don a bar nama na gaba. Masu neman babban mataki don ƙarin ƙarfi su yi lissafi: silinda mai faɗin milimita 80 da aka kai 80.5 ta ƙara girman inji da kashi 1.25 cikin 100 kacal, abin da ƙafa ba za ta ji ba.

Kuɗinsa ya fi na farko da tsadar fistan da ladan borin, kuma mota za ta fi daɗewa a ajiye. A ganinmu, ga bulok na ƙarfe da silindarsa ta wuce iyaka, babu zaɓin da ya kai shi. In an yi shi daidai, ƙarkonsa yana kusa da na sabon inji. Haɗarinsa biyu ne, hannun mai borin da ingancin fistan ɗin da aka sayo. A injin dizal akwai ƙarin awo: tsayin da fistan ke leƙowa saman bulok shi ke nuna kaurin gaskit ɗin da za a sa a injina da yawa, don haka a sake auna shi bayan an canja fistan.

Zaɓi na uku: silib

Silib iri biyu ne, kuma ana yawan rikita su. Akwai injin da tun daga kamfani silindarsa ciruwa take, ruwa na taɓa bayanta kai tsaye, kamar yawancin manyan injinan dizal na tirela da tarakta da janareta. A irin wannan ba a maganar borin. Ana sayen silib da fistan da ringi a haɗe, a cire tsoho a sa sabo, inji ya koma girmansa na asali. Abin kula shi ne sababbin robobin ƙasa, tsabtar mazaunin silib, da tsayin da yake leƙowa saman bulok, wanda yawanci yake tsakanin milimita 0.05 da 0.15. In ya yi ƙasa, gaskit ba zai matsu ba. In robar ta murɗe wajen sakawa, ruwa zai gangara cikin mai.

Iri na biyu shi ne silib na gyara, wanda ake dasawa a bulok ɗin da ba a yi shi da silib mai ciruwa ba. Ana faɗaɗa ramin, a sanyaya silib ko a ɗumama bulok, a danna shi ciki da matsi, sannan a yi masa borin da honin. Yana ceton silinda ɗaya da fin ya karce ta da zurfi, ko bulok da ya gama matakan borin, ko na alminiyom da shafensa ya ɓare. Aiki ne da ya dogara kacokan ga gwanintar mai yi. In matsin ya yi kaɗan, silib zai motsa kuma ba zai miƙa zafi ga bulok ba. In ya yi yawa, zai murɗe silindar da ke maƙwabtaka da shi ko ya tsaga bulok. Ya kamata a bar masa matakala a ƙasa ko a sa mai leɓe a sama don kada ya zame. Silinda ɗaya kuɗinta da sauƙi, amma duka huɗu ko shida kan kai shi sama da kuɗin borin.

Zaɓi na huɗu: injin na hannu

Shi ne mafi sauri, kuma ba ya buƙatar mai borin. Matsalarsa ita ce ba ka san tarihinsa ba. Yana iya yin shekaru, yana kuma iya zuwa da irin ciwon da ka gudu, musamman in shan mai halin wannan samfurin injin ne. A daidaita lambar inji da na'urorinsa da na motar, a juya karanshaf da hannu, a leƙa silinda ta ramin fulogi da kyamarar leƙe, a cire kaskon mai a duba ko akwai garin ƙarfe, a kuma nemi sharaɗin mayarwa a rubuce.

Kwanrod: ba ya cikin zaɓi, amma yana rushe kowanne

Duk wanda ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun farko, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, zai bi ta hannunsa, kuma a nan ake yawan yin sakaci. A yi wa kowanne alama da murfinsa kafin a raba su, domin murfi ba ya canja gida ko fuska. Wasu na zamani fasa su aka yi a kamfani, fuskar haɗinsu gargaje ce, ba a goge ta ba a daidaita ta. A duba lanƙwasa, musamman in inji ya taɓa shan ruwa: iyakar da littattafai da yawa ke bayarwa kamar milimita 0.05 ce a kowace milimita 100. Alamar lanƙwasa tana jikin siket ɗin fistan, inda goguwa ke tafiya a karkace. Kwanrod da metal ya juya a cikinsa ko ya yi shuɗi don zafi, a auna babban raminsa ko a canja shi. Tazarar mai tsakanin metal da karanshaf takan kasance milimita 0.025 zuwa 0.06, ana auna ta da zaren Plastigage ko maikuromita. Notin da ake ɗaurewa da awo sannan a ƙara kusurwa yana miƙewa, don haka a bi abin da littafi ya ce a kan canja shi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ringi da honin | Mafi ƙasa | Mai kyau in silinda na cikin iyaka | Mafi sauƙi | Hayaƙi ya dawo |
| Borin da fistan | Matsakaici zuwa sama | Kusa da sabo | Sai an sauke bulok | Kuskuren tazara |
| Silib mai ciruwa | Matsakaici zuwa sama | Kusa da sabo | Ba a buƙatar borin | Ruwa cikin mai |
| Silib na gyara | Ya danganta da yawan silinda | Ya danganta da mai yi | Mafi wuya | Silib ya motsa |
| Injin na hannu | Ya danganta da samfuri | Ba a sani ba | Mafi sauri | Ɓoyayyen ciwo |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

In awo ya nuna silinda na cikin iyaka, zanen honin na asali ma bai gama gogewa ba, kuma ringin mai ne ya maƙale, ka tsaya a ringi da honin. Borin a nan ɓarnar nama ne da kuɗi.

In silinda ta wuce iyaka ko ta karce, bulok na ƙarfe ne, akwai fistan masu girma, kuma kana son riƙe motar shekaru ko da ita kake neman abinci, ka yi borin. In kuɗin bai cika ba, gara motar ta jira a cika shi da a sa ringi a silindar da ta karkace.

Mai babban injin dizal da silib mai ciruwa ya sayi saitin silib da fistan da ringi. Mai bulok da ke da wuyar samu, ko wanda silinda ɗaya ce ta lalace sauran lafiya, ya nemi silib na gyara, amma sai ya ga aikin da mai yin ya taɓa yi. Wanda kwanrod ya fasa masa bulok, ko karanshaf da top silinda da silinda duk suka lalace tare, ko babu amintaccen mai borin da zai iya kaiwa gare shi, injin na hannu ya fi masa.

Ko wanne ka ɗauka, a nemo abin da ya kashe injin tun farko. Karce siriri a tsaye da ringi da suka cinye suna nuna ƙura ta bi ta filtar iska ko tiyo da ya yage. Siket da ya kama ya yi baƙi yana nuna zafi, a duba lagireto da famfon ruwa. Naman fistan da ya karye tsakanin ringi yana nuna bugun wuta ba a kan lokaci ba, silinda ɗaya da ta wanke ta yi sheƙi kuma tana nuna injekta mai ɗiga. Wajen haɗawa, alamar da ke jikin ringi ta kalli sama, bakunansu kada su hau layi ɗaya, alamar kan fistan ta kalli gaban inji. Bayan an tayar, kada a bar shi yana aiki a tsaye na sa'o'i, domin matsin wuta ne ke danna ringi jikin silinda ya zauna. A tuƙa shi da kaya matsakaici ana sauya gudu, a zubar da mai da filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000 na farko.